SHARHI: Baƙuwar ƙayar da ke cin ƙasa a Tafkin Chadi, da yadda ake bambanta ta da gawo da bagaruwa

A shekarar 2006 wasu makiyaya 'yan ƙabilar Ilchamus, daga gaɓar Tafkin Baringo a ƙasar Kenya, suka maka gwamnatinsu a kotu. Cikin hujjojin da suka kai Nairobi har da akuya mai rai wadda haƙoranta suka zube. Abin da ya kai su ƙara wani itace ne mai ƙaya da hukumomi suka dasa musu a farkon shekarun 1980, da sunan samar da itacen girki da rufe ƙasar da ta tsiraita. Cikin shekara ashirin itacen ya cinye wuraren kiwo, ya toshe hanyoyin zuwa ruwa, zaƙin 'ya'yansa kuma ya lalata bakin awaki. Bayan shekara biyu da shigar da ƙarar, gwamnatin Kenya ta saka shi a jerin miyagun tsirrai.

Mutanen Kenya na kiransa mathenge, 'yan Sudan na ce masa miskit, masana tsirrai kuma sun daɗe suna rubuta shi da sunan Prosopis juliflora. A wannan sharhi za a kira shi furosofis. Asalinsa ƙasar Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da arewacin Amurka ta Kudu, kuma ɗan dangin wake ne, wato gida ɗaya ya fito da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya da gawo da bagaruwa. Wannan dangantaka ce ta sa yake saje da itatuwan gida, har mutum ya wuce shi sau ɗari a bakin hanya yana zaton bagaruwa ce da ta samu ruwa.

Labarin bai tsaya a gabashin Afirka ba. Wani rahoto da ya fito a mujallar gandun daji ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004 ya ƙiyasta cewa furosofis ya rufe fiye da hekta 300,000 a ɓangaren Nijar na Tafkin Chadi, kuma ana danganta mafarinsa da wani ɗan ƙaramin aikin tsayar da tuddan rairayi a ƙarshen shekarun 1970. Lokacin ya zo masa daidai. Tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye bayan fare-faren 1970 da 1980, ya bar ƙasa mai taushi da danshi a kusa, dabbobi kuma suka yi ta kai iri cikin kashinsu. Da ruwa ya riƙa dawowa, sai masunta da masu kwalekwale na yankin Gigimi suka tarar da kurmin ƙaya da kututture a inda a da suke ratsawa kai tsaye. Itace ba ya neman biza, saboda haka yana nan a ɓangaren Najeriya, a Borno da Yobe da sauran jihohin da ke bakin hamada, a matsayin shinge, a gefen titi, a kufai da bayan gari.

Abin da ido zai duba

Alama ta farko ita ce lokaci. A tsakiyar bazara, sa'ad da daji ya yi fari fat, furosofis na nan kore shar, domin saiwarsa na nitsawa ƙasa ƙwarai ta cimma ruwa. Ba kasafai yake miƙewa da gindi ɗaya ba, musamman inda aka taɓa sare shi. Yakan fito da rassa da yawa tun daga ƙasa, su bazu, su sunkuyo har su taɓa ƙasa, su sarƙe da na maƙwabcinsa, har akuya ma ta rasa ta inda za ta kutsa. Ƙananan rassan kore ne, kuma ba sa tafiya a miƙe, kowace gaɓa sai ta ɗan karkata, wannan hagu, waccan dama.

A kan gaɓoɓin nan ne ƙayar take, yawanci biyu-biyu, miƙaƙƙiya, mai kauri a gindi, tana iya kai santimita biyar. Tana huda silifa, tana huda tayar keke da ta babur. Ganyen na da fasali irin na gashin tsuntsu kamar sauran danginsa, amma akwai abin ƙirgawa a nan: sandar ganye ɗaya takan rabu zuwa reshe biyu, ko huɗu, ko shida, ba ta cika wuce haka ba, kowane reshe kuma na ɗauke da ƙananan ganyayyaki masu ɗan tsawo jere bibbiyu. Ganyen bagaruwa da na gawo sun fi yawan rassa, ƙananan ganyayyakinsu kuma sun fi ƙanƙanta.

Fure shi ne ke raba gardama da bagaruwa. Furen furosofis dogo ne kamar ƙaramar zangarniyar gero, ruwan ɗorawa mai haske da ɗan kore-kore, yana rataye. Na bagaruwa kuwa dunƙule yake kamar ƙwallo, rawaya sosai, mai ƙamshi. Ƙayar bagaruwa siririya ce fara, 'ya'yanta kuma masu duhu ne da ɗan toka-toka, kuma duk wanda ya taɓa ɗanɗana su ya san baurin da ya sa majema ke jima da su. 'Ya'yan furosofis dogaye ne, daga kamar tsawon yatsa zuwa fiye da taƙi guda, launin busasshen kara idan sun nuna, ba sa fashewa da kansu, kuma cikinsu akwai gari mai zaƙi. Zaƙin nan shi ne dabarar itacen: dabba ta ci, ƙwayar iri mai taurin ɓawo ta ratsa hanjinta lafiya, ta faɗo can wani wuri tare da takinta.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne gawo. Shi ma ƙayarsa biyu-biyu ce miƙaƙƙiya, ƙananan rassansa na yin irin waccan karkata, furensa ma dogo ne. Babban gawo ba ya ɓoyuwa, domin kowa ya san shi da kaɗe ganye da damina ya fito da sabo da rani, 'ya'yansa kuma jajaye-jajaye ne masu murɗewa kamar kunne. Amma ɗan tsiro mai tsawon gwiwa fa? A nan sai an duba launin reshe: na gawo fari ne kamar an shafa toka, ganyensa na da shuɗi-shuɗi, na furosofis kuwa kore ne tun daga reshe har ganye. Dakwara ba ta da wahala, ƙayarta uku-uku ce, gajeru, masu lanƙwasa kamar farcen mage, 'ya'yanta kuma falan-falan kamar takarda. Ɗunɗu na da fure mai launi biyu, sama ja-ja ƙasa rawaya, kuma ƙayarsa ƙarshen ƙaramin reshe ce, har ganye kan fito a jikinta.

Sai kirya, wadda shekara da shekaru littattafai suka haɗa ta suna ɗaya da baƙon, suna kiranta Prosopis africana. Kirya ba ta da ƙaya ko ɗaya, ganyenta manya ne, 'ya'yanta kauri gare su da duhu, ita ce ta turmi da ƙota da gawayin maƙera da daddawa. A 2022 masu rarraba tsirrai suka binciki ƙwayoyin halittar dangin, suka raba su: baƙon ya koma Neltuma juliflora, kirya ta koma Anonychium africanum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai rubuta doka. Takardar umarnin da ta ce a kawar da Prosopis kawai, ba ta fayyace wanne ba, za ta iya zama lasisin sare kirya, itacen da tun yanzu masu gawayi suka rage shi ƙwarai.

Masana ma sun yi tuntuɓe

Kada a ɗauka rashin ganewar na manomi ne kaɗai. An kai itacen Sudan a 1917, kuma shekaru masu yawa ma'aikatan gandun daji a can da wasu ƙasashen Sahel suna rubuta shi da sunan wani ɗan'uwansa, Prosopis chilensis. A wasu wuraren kuma, kamar Kef Bade da sassan Senegal, abin da ake kira juliflora ashe pallida ne, wani ɗan'uwa daga Peru mai ƙarancin ƙaya da 'ya'ya masu daɗi, wanda mutanen can ke dafa su su yi wani abu mai kama da zuma. Sai a farkon shekarun 2000 aka soma warware wannan ruɗani da auna ganye da ƙirga ƙwayoyin gado. Ma'anar haka ita ce, an yi ta musayar iri tsakanin ƙasashe, ana rabawa ƙauyuka, alhali masu rabon ba su san takamaiman abin da ke cikin buhun ba. Alƙawarin da aka yi wa jama'a na abincin dabbobi mai kyau ya fi dacewa da wani nau'in, abin da ya tsiro kuma wani ne daban.

Adalci ne a faɗi cewa waɗanda suka kawo shi ba mugunta suka nufa ba. Bayan farin 1973 da na 1984, ana neman duk abin da zai rayu a inda komai ya mutu, furosofis kuma ya rayu. Yana jure gishirin ƙasa, yana jure fari, yana girma da sauri, dabbobi ba sa son ganyensa balle su cinye dashen, kuma gawayinsa na da kyau. Duk siffar da ta sa aka zaɓe shi ita ce daga baya ta sa aka kasa tsayar da shi.

Lissafin asara

An auna abin a Habasha. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da zagayen ƙasa, ya gano cewa furosofis ya mamaye kimanin hekta miliyan 1.17 a yankin Afar, yana ƙara kusan hekta 31,000 kowace shekara. Wani binciken da ya biyo baya a yankin ya ƙiyasta ruwan da kurmin ke zuƙa da fiye da kubik mita biliyan uku a shekara. Ƙasar da ya fi so ita ce fadama da bakin kogi, wato daidai wurin da makiyayi ke ajiye begensa na rani. A ƙarƙashin inuwarsa ciyawa ba ta yin kirki. Shanun da suka dogara da 'ya'yansa tsawon watanni kan kamu da wata cuta da ke karkatar da muƙamuƙi har su kasa tauna, abin da makiyayan arewa maso gabashin Birazil suka daɗe da sani.

Akwai kuma wani sakamako da ba a zata ba daga Mali. A 2017 masu bincike suka wallafa gwajin da suka yi a ƙauyukan yankin Bandiagara, inda suka sare rassan furosofis masu fure a wasu ƙauyuka suka bar na wasu. A inda aka sare, yawan sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan kashi 69 cikin ɗari. Dalilin shi ne sauro na shan ruwan fure don samun ƙarfi, kuma wannan baƙo na yin fure da rani, lokacin da itatuwan gida ba su da abin ba shi. Gwaji ne ƙarami, kuma sauro ya auna, bai auna marasa lafiya ba. Duk da haka, ga ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu mutuwa da wannan zazzaɓi, ya isa a sa ido a kan abin da ake dasawa a bayan ɗaki.

Ga mai bin siyasar arewa, fassarar waɗannan alƙaluma ba ta da wuya. Rikicin manoma da makiyaya rikicin fili ne da ruwa da hanya. Burtalin da ƙaya ta toshe ba ya cikin rahoton kowane kwamiti, amma garken da ya tarar da shi a rufe sai ya ratse, kuma ratsewar cikin gonar wani take faɗawa. A gaɓar Tafkin Chadi kuma akwai ƙarin matsala: shekarun rikicin Boko Haram sun raba dubban mutane da gonakinsu, har Nijar ta kwashe mazauna tsibiran ɓangarenta a 2015. Noma da sassabe na shekara-shekara su ne ke hana wannan itace kafuwa. Gonar da aka bari shekara goma, mai ita zai dawo ya tarar da aikin da gatari ɗaya ba zai iya ba, kuma duk shirin mayar da 'yan gudun hijira da bai saka kuɗin share fili a lissafi ba ya bar wani babban gurbi.

A kawar ko a ci moriya?

Sudan ta gwada hanyar ƙarfi. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi, aka shiga da manyan motoci a wurare irin su gonakin noman rani na Sabuwar Halfa, aka kashe kuɗi masu yawa, kuma har yau yana nan a can da kwarin Gash da Tokar. Sara kaɗai ƙara masa ƙarfi yake yi, domin kututturen kan tofo da rassa fiye da na da. Sai an tono an yanke saiwar a ƙarƙashin ƙasa, ko an ƙone kututturen sosai, sa'an nan a noma wurin ko a shuka ciyawa nan take. Afirka ta Kudu ta sako wasu ƙwari masu cin irinsa tun ƙarshen shekarun 1980, sun rage iri, ba su tsayar da yaɗuwar ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa tun da ya riga ya zo, a mayar da shi dukiya: gawayi, itacen girki, katako, zuma, da niƙa 'ya'yan a haɗa da dusa, wanda ke da fa'ida biyu tun da niƙan na kashe irin. Hujjar na da ƙarfi. Matar da ke sansanin gudun hijira a Diffa ba za ta kira itacen da take dafa tuwo da shi annoba ba, kuma kowane buhun gawayin furosofis kirya ce ko marke guda da aka ƙyale. Sai dai abin da aka gani a Kenya da Habasha shi ne cin moriya kaɗai bai rage faɗin kurmin ba. Mai gawayi manyan itatuwa yake zaɓa ya bar kututture, kuma da zarar sana'a ta kafu a kan itace, an samu masu kare shi. Ribar na zuwa aljihun mai gatari da dillali, asarar na kan mai garke, kuma su biyun ba ƙarfinsu ɗaya ba a gaban hukuma.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a raba ƙasa gida-gida: inda ya riga ya yi kurmi, a ci moriyarsa da sharaɗin tumɓuke kututture, fadamu da burtali da mashaya a share su a kuma ci gaba da tsaro, inda bai kai ba kuwa a hana shi shiga, a tuge duk ɗan tsiron da aka gani tun ana iya cire shi da hannu bayan ruwan sama. Amma ko ɗaya daga cikin ukun nan ba zai yiwu ba sai an san inda yake, kuma ba za a san inda yake ba sai malamin gona da mai unguwa da ɗan makaranta sun iya nuna shi da yatsa.

Tambayar da ba a yi wa masu dashe

Najeriya ta shiga manyan shirye-shiryen dashe. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, aka kafa hukumarta ta ƙasa da doka a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, Bankin Duniya kuma ya amince da bashin dala miliyan 700 na shirin ACReSAL a ƙarshen 2021. Kowace damina gwamnoni na bikin dashe, kuma abin da ake shelantawa adadi ne: dubu ɗari kaza, miliyan kaza. Da wuya a ji an faɗi sunayen itatuwan, da wuya kuma a ji ɗan jarida ya tambaya. Wannan ba zargi ba ne cewa ana dasa furosofis a waɗannan shirye-shirye. Magana ce cewa jama'ar da za su biya bashin na da haƙƙin ganin jerin nau'o'in da ake reno a kowane gandu, da inda aka samo irin, da wanda ya tantance shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema a rubuce. Najeriya ma ta shiga yarjejeniyar Montreal ta Disambar 2022, wadda ta yi alƙawarin rage shigowa da kafuwar baƙin halittu masu mamaya da rabi kafin 2030, kuma mutanen Hadeja da Nguru, da kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa, ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda tsiro ke talauta gari.

Akwai kuma darasi daga maƙwabta. A Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan biyar ba tare da gandun reno ba, ta hanyar da suke kira sassaben zamani: idan an zo sharar gona, a zaɓi tohon da ke fitowa daga tsofaffin saiwoyi, a rage masa rassa, a bar shi ya girma. Gawo ne kan gaba a cikin abin da aka raya. Dukan dabarar ta rataya ne a kan idon manomi a lokacin da yake tsaye da adda a kan ɗan tsiro, yana yanke shawarar wanda zai bari da wanda zai cire. Idan ya bar furosofis a zaton gawo ne, cikin 'yan shekaru zai fara zubar da 'ya'ya, awakin gidansa su raba irin a gonakin unguwa. Irin kuma na iya kwanciya a ƙasa shekaru yana jiran ruwa, shi ya sa filin da aka share bana ke bukatar a sake zagaya shi baɗi da baɗin baɗaɗa.